Kurakuran da muke yi idan muna faɗin ra'ayi kan shirin barkwanci na gidan caca

A majalisarmu da ke Gwammaja an kwashe kusan mako biyu ana musu a kan wani shirin Amurka mai dogon zango, wanda ƙanina ya je kasuwar waya ta Farm Centre aka tura masa a waya. Labarin ma'aikatan wani katafaren gidan caca ne a Las Vegas: masu tsaron da ke zaune gaban kyamarori, masu raba karta, da wata mata da aikinta shi ne lallaɓa attajirai kada su tashi daga tebur. Shiri ne marar nauyi. Ana dariya, ana soyayya, ana kama ɓarawo kafin kashin ya ƙare. Na saurari masu yabo, na saurari masu kushe, kuma abin da ya dame ni shi ne kowane ɓangare yana da wurin da yake zamewa, alhali yaran da ke gefe suna ɗauka.

Kuskuren da ya fi tsorata ni shi ne na wanda ya kalli shirin ya ɗauka ya fahimci caca. Ƙanin nawa ne ya fara furta shi: "Yaya, ai idan mutum yana da ƙwaƙwalwa zai ci gidan nan." Ba daga iska ya samo maganar ba. Ya ga wani ɗan saurayi a shirin ya shigo da canji kaɗan ya fita da jaka, ana tafa masa.

Gyaran wannan lissafi ne, kuma ya kamata duk mai son yin magana a kan irin wannan shiri ya riƙe shi. Ɗauki faifan nan mai juyawa da ake jefa wa 'yar ƙwallo, wanda ake kira rulet. Irin na Amurka yana da gurbi 38: lamba 1 zuwa 36, sai gurbi mai sifiri ɗaya (0) da kuma gurbi mai sifiri biyu (00). Idan ka sa kuɗi a lamba ɗaya ka dace, ninki 35 za a ba ka tare da uwar kuɗinka. To, a ce ka sa naira 1,000 sau 38. Ka kashe 38,000 ke nan. A matsakaicin lissafi sau ɗaya za ka dace, ka karɓi 36,000. Naira 2,000 ta tafi, wato ɗan sama da kashi 5 cikin ɗari, kuma babu wayon da zai dawo da ita, domin a jikin faifan aka gina gibin. Irin na Turai mai gurbi 37 gibinsa ya fi ƙanƙanta, kashi 2.7 cikin ɗari, amma shi ma gidan yake yi wa aiki. Da wannan 'yar ratar ake biyan fitilu, da ɗakunan kyauta da ake ba manyan baƙi, da albashin jaruman da muke so a cikin labarin. Jihar Nevada, inda Las Vegas take, ta halatta caca tun 1931, kuma ba da kuɗin masu gidajen aka tayar da waɗancan benaye ba.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure, wanda nake ji a bakin masu cacar ƙwallo ma: lambobin faifan wasu baƙaƙe ne wasu jajaye, to wai idan launin baƙi ya fito sau da yawa a jere, lallai ja ne zai biyo. Faifai ba ya tuna abin da ya wuce. A gidan cacar Monte Carlo a 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa yanzu ne, yanzu ne, har aljihu ya bushe. Saboda haka idan jarumi a shiri ya ce jikinsa ya ba shi, marubucin labari ne ya ba shi, domin shi ya riga ya rubuta inda ƙwallon za ta tsaya.

Daga nan sai masu cewa, "Haba Malam, ai wasa ne kawai, me ya yi zafi?" Gaskiya ne shirin raha bai yi alkawarin zama wa'azi ba, kuma wanda ya zauna yana jiran kuka da nadama a kowane kashi ya nemi abin da ba a dafa ba. Ban ga laifin mai cewa ya yi dariya ba. Ni ma na yi. Inda aka yi kuskure shi ne a ɗauka cewa raha ba ta koyar da komai. Tana koyarwa, har ta fi huɗuba saurin shiga, domin mutum bai ɗaura ɗamarar gardama ba lokacin da yake dariya. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wa kyamara take bi? A irin wannan shiri ma'aikatan gida take bi. Su ne masu suna, masu iyali, masu soyayya. Wanda aka cinye kuwa yakan tashi ya fita daga hoton, ba a raka shi gida a ga fuskar matarsa, ba a nuna ranar da mai bashi zai yi sallama da shi. Idan za ka faɗi ra'ayi, ka ɗauki kashi guda ka ƙirga da kanka: mutum nawa aka nuna sun ci, mutum nawa aka bi bayan sun yi asara. Abin da ka samu shi ne hujjarka, kuma ya fi "ya yi daɗi" ko "bai yi ba" nauyi nesa ba kusa ba.

Masu kushe su ma suna da nasu. Wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki, ya yanke hukunci a kan shirin gaba ɗaya daga guntun minti ɗaya da ya gani a TikTok, har yana ba da labarin abubuwan da babu su a ciki. Yaran suka yi shiru don girmamawa, amma daga ranar ba su ƙara ɗaukar maganarsa a kan batun ba, kuma shi ne ya fi kowa gaskiya a kan asalin matsalar. Hukuncin caca a wurinmu ba abin musu ba ne. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta girma, sannan aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka umarci a nisance ta, suka kuma bayyana cewa da ita Shaiɗan yake jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, ya kange su daga ambaton Allah da salla. A nan Kano ma mun ga Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Duk wannan hukunci ne a kan caca. Abin da wani shiri ya nuna ko bai nuna ba kuwa shaida ce, kuma shaida sai wanda ya gani. Kana da damar cewa, "Ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba, ga dalilina." Wannan cikakkiyar magana ce. Kada dai ka ƙara mata abin da idonka bai gani ba, domin da zarar yaro ya kama ka da kuskure ɗaya, ya samu ƙofar watsar da sauran.

Wani abin kuma da muka daɗe muna fama da shi ko a finafinanmu na gida shi ne haɗa ɗan wasa da rawar da ya taka. Wanda ya fito a mayaudari aka tsane shi, aikinsa ya yi kyau ke nan. Ka soki halin da aka rubuta, ka bar mutumin da iyayensa.

Idan fassarar Hausa ka kalla, ka faɗi haka tun farko. Mai fassara yakan ƙara barkwancinsa, ya sa karin maganar da babu ita a asali, wani lokaci ya tsallake abin da ya ga bai dace ba. Na taɓa ganin mutum biyu suna ta ja-in-ja a kan wata magana, ashe ɗaya a bakin mai fassara ya ji ta. Haka nan tona ƙarshen labari: tambayi mutum kashi na nawa ya kai kafin ka buɗe baki. Kuma kada ka auna zango biyar da kashin farko, ko ka auna farkon da ƙarshen, domin irin waɗannan shirye-shirye sukan canza marubuta da 'yan wasa a hanya, ɗanɗanon ya canza tare da su.

Sai kuskuren da muke yi cikin kyakkyawar niyya, wato mu ce wa mutum "nemi shirin nan ka kalla" mu tsaya a nan. Gidan caca na Las Vegas ba karta kaɗai ba ne. Akwai giya a hannun kusan kowa, akwai shigar da ba za ka so ta bayyana a falo Hajiya tana zaune ba, kuma wannan shiri bai bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ba kafin ya shiga wayar ƙaninka. Waya ɗaya a gidajenmu hannu nawa take bi kafin dare? Duk wanda ya tambaye ka yadda shirin yake, ka gaya masa abin da ke ciki dalla-dalla, ka gaya masa wanda bai kamata ya gani ba. Idan kuma ka san mai tambayar ya taɓa yankar tikitin ƙwallo, ko yana fama da bashi, ni dai ba zan tura masa ba ko ya roƙe ni, kuma zan faɗa masa dalili a gabansa.