Yadda Ake Rayuwa da Cutar Siliyak da Rashin Jituwa da Wasu Nau'o'in Abinci

Idan abinci yana damun mutum, abin da ya fi zuwa masa a rai shi ne ya daina cin sa, kuma da yawa haka suke yi tun kafin su ga likita. A wannan fanni gaggawar tana da illa, domin matsaloli uku ne mabambanta suke zuwa da koke iri ɗaya na ciwon ciki da kumburi da gudawa, kuma kowace da irin takatsantsan da take bukata.

Ta farko ita ce alaji, inda garkuwar jiki take yin bore cikin mintuna ko sa'o'i kaɗan bayan cin abu kamar gyaɗa ko ƙwai ko kifi, fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, wani lokaci numfashi ya sarƙe, wanda hakan yake bukatar allurar adirenalin da kai mutum asibiti nan take. Ta biyu ita ce rashin jituwa, inda hanji ya kasa narkar da wani sinadari, kamar sukarin da ke cikin madara, sai a sha wahala amma hanjin bai lalace ba. Ta uku ita ce cutar siliyak, wadda ta fi sauran ɓuya. A cikinta, duk lokacin da mutum ya ci gulutin, wato furotin da ke cikin alkama da sha'ir da wani danginsu da ake kira hatsin rai, sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanji. Wannan bango lulluɓe yake da 'yan tsirarrun tsoka miliyoyi, kamar gashin sabon tawul, kuma ta cikinsu jiki yake tsotse amfanin abinci. Cutar tana shafe su, sai mutum ya ci ya ƙoshi amma jini ya ragu, ƙashi ya yi rauni, yaro ya daina girma.

Kimanin mutum 1 cikin 100 ne yake ɗauke da ita a duniya, kuma akasarinsu ba su sani ba. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin cutar Turawa, sai ga wani bincike da aka wallafa a 1999 ya samu fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi na Yammacin Sahara suna da ita, adadin da ya zarce na ƙasashen Turai. Wanda ya gano cewa alkama ce sila shi ne Willem Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan, wanda ya lura cewa yaran da yake jinya sun samu sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi ƙaranci, sannan ciwon ya dawo da burodi ya wadata.

A yi gwaji kafin a daina cin komai

Gwajin farko na jini ne, ana kiran sa tTG-IgA, kuma yana neman sinadaran kariyar da jiki yake ƙerawa sa'ad da yake faɗa da gulutin. Ana haɗa shi da auna yawan IgA gaba ɗaya, wato nau'in sinadarin kariyar da gwajin yake dubawa, saboda wasu mutane suna da ƙarancinsa tun asali, kuma a jikinsu gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan. Idan sakamakon ya nuna alama, ga manya ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki zuwa farkon ƙaramin hanji a tsinko ɗan nama a duba. Ga yara kuwa, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta sabunta a 2020 ta yarda a tabbatar da cutar ba tare da wannan ba, muddin adadin tTG ya ninka iyakar lafiya sau 10 ko fiye, kuma gwajin jini na biyu mai suna EMA ya goyi bayansa.

Dukkan waɗannan gwaje-gwaje suna aiki ne idan mutum yana cin gulutin. Wanda ya daina cin alkama wata biyu kafin ya je asibiti ya goge shaidar da likita yake nema, kuma za a ce masa ya koma cin ta kowace rana na tsawon makonni, galibi shida, kafin a ɗebi jini. Babu abin da ya fi wahala ga wanda ya fara jin sauƙi kamar a ce ya koma wa abin da yake sa shi ciwo, ballantana a ce uwa ta riƙa ba ɗanta. Wani zai ce tunda an ji sauƙi mene ne amfanin takardar likita. Amfaninta shi ne ita take raba wanda zai rage alkama iya jin daɗinsa da wanda ɓarɓashinta ma haramun ne a gare shi har ƙarshen rayuwa. Ita ce kuma take sa a gwada iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan da aka haifa tare, domin kusan 1 cikin 10 daga cikinsu yakan kasance yana da cutar. Masu ciwon sukari nau'i na 1, da masu cutar da garkuwar jiki take far wa tayirod, wato wata gaɓa da ke gaban wuya, da yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jinkirta girmansa da koyonsa, su ma ya kamata a gwada su ko da ba su da koke.

Abin da ake bari da abin da ya rage

Babu ƙwaya ko allurar da take warkar da siliyak. Maganinta shi ne barin gulutin gaba ɗaya. Burodi da taliya da biskit da kek da duk abin da aka yi da fulawar alkama sun fita, kuma waɗannan kowa ya san su. Waɗanda suke shammatar mutane su ne malt, wanda daga sha'ir ake yin sa kuma yana cikin abubuwan sha da hatsin karin kumallo da yawa, da miyar waken soya ta kwalba wadda akasari da alkama ake haɗa ta, da wasu dunƙulen ɗanɗano da garin kayan ƙamshi, da naman da aka sarrafa kamar sosej, da duk abin da aka barbaɗe da fulawa kafin a soya. Hatsin ots shi kansa yawancin masu cutar suna iya cin sa, sai dai yakan gauraya da alkama tun daga gona, don haka sai wanda aka rubuta cewa ba shi da gulutin, kuma bayan shawarar likita.

Abin da ya rage yana da yawa ƙwarai: shinkafa, masara, gero, dawa, rogo, doya, dankali, wake, nama, kifi, ƙwai, ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa, duk babu gulutin a cikinsu. A ganina gara a gina abincin gida a kan waɗannan da a dogara ga kayan kwali na musamman, waɗanda sau da yawa sitaci da sukari da mai suka fi yawa a cikinsu, kuma ba lalle ne an ƙara musu sinadarin ƙarfe da bitamin kamar yadda ake ƙara wa fulawar alkama a ƙasashe da dama ba.

Game da rubutun jikin kwali, ma'aunin da hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta kafa don a kira abinci marar gulutin, wanda Amurka da Tarayyar Turai suke bi, shi ne kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. A karanta jerin kayan haɗi kowane saye, ko da abin da aka saba saye ne, domin kamfanoni suna sauya haɗi ba tare da sauya kwali ba. Rubutun da ya ce babu alkama bai wadatar ba, tunda sha'ir zai iya kasancewa a ciki.

Kicin

A nan ne aikin yake. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa miligiram 50 na gulutin a kowace rana, har tsawon wata uku, ya isa ya lalata bangon hanjin mai siliyak, kuma wannan bai kai abin da ke cikin loma guda ta burodi ba. Zafin wuta ba ya kawar da gulutin, domin ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe, sai dai a wanke shi da ruwa da sabulu.

A duba abin da yake faruwa da safe a teburin da kowa yake ci: wani ya sa wuƙa a cikin bota, ya shafa a burodinsa, ya sake mayar da ita ya ƙaro. Ɓarɓashi uku ko huɗu sun maƙale a saman botar, ba wanda ya lura, kuma daga wannan lokaci robar ta fi ƙarfin mai siliyak. Saboda haka ake ware masa tasa robar a rubuta sunansa. Haka rariyar da aka tankaɗe fulawa da ita, da matacin taliya mai ƙananan ramuka, da muciya da katakon yanka da suka tsattsage, duk suna riƙe gari a inda soso ba ya kai wa, kuma ya fi sauƙi a saya masa nasa. Tukwane da faranti da cokulan ƙarfe kuwa wanki mai kyau ya ishe su. Man da aka soya abu mai fulawa a cikinsa ba ya soya abincinsa. Idan za a dafa iri biyu, a fara da nasa, a rufe, sannan a buɗe fulawa, domin ƙurarta tana tashi ta sauka a kan komai. A ma'ajiya kuma kayansa su hau kanta ta sama, don kada wani abu ya zubo musu. Hatsin da ba shi da gulutin ma, idan aka niƙa shi a injin da ya niƙa alkama, ya gurɓata.

Iyalai da yawa sukan ga ya fi sauƙi babban abincin gida ya zama ɗaya ga kowa, marar gulutin, a bar burodi da biskit a lungu guda. A gidan cin abinci ko wurin taro, tambaya a fili ta fi kara amfani: da me aka kaurara miyar, kuma a wane mai aka soya wannan. Idan amsar ba ta fito sarai ba, a haƙura, shi ya sa yake da kyau a riƙe ɗan abin taɓawa a jaka.

An ce jiki magayi, amma a wannan cuta ba kullum yake faɗa ba. Wani zai ci ɓarɓashi ya kwana yana amai, wani ya ci yanka guda bai ji komai ba, alhali ɓarnar da ke faruwa a hanjinsu ɗaya ce. Rashin jin ciwo ba izinin ɗanɗanawa ba ne.

Yara

A ƙananan yara cutar takan bayyana bayan an fara ba su hatsi, da gudawa mai yawa mai wari, da ƙaton ciki, da ramewa, da yawan rigima. A manyan yara takan zo a matsayin gajarta, ko jinkirin balaga, ko maƙarƙashiya, ko tabo a haƙora. Bayan an tabbatar, a rubuta wa makaranta bayani gajere, a gana da malamin aji da mai dafa abinci, kuma a tuna cewa lakar wasa mai launi galibi da fulawa ake yin ta, yaro kuma hannunsa ba ya rabuwa da baki. A koya masa tun yana ƙarami ya ce a tambayi mamansa ko babansa kafin ya karɓi abu, a kuma aika masa nasa rabon duk ranar da za a raba kek, domin ganin kowa yana ci shi yana kallo ya fi damun yaro fiye da abincin kansa. Shekarun tashen balaga sun fi wuya, lokacin da yake son ya yi kama da abokansa. Barin sa ya karanta kwali da kansa, ya dafa, ya yi magana da likita kai-tsaye, ya fi faɗa tasiri.

Madara da sauran abubuwan da hanji yake ƙi

Rashin jituwa da laktos, wato sukarin madara, batu ne na yawa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya sinadarin laktes da yake narkar da shi yana raguwa a jikinsu bayan yaye, amma akasarinsu suna iya shan kimanin giram 12 na laktos, wato kofi guda na madara, musamman tare da abinci. Yogot da busasshen cuku sun fi sauƙin narkewa, akwai kuma madarar da aka cire wa laktos da ƙwayar laktes da ake sha kafin cin abinci. Sabon mai siliyak yakan kasa shan madara na ɗan lokaci, saboda a kan waɗancan tsirarrun da suka lalace ake samar da laktes, kuma yakan dawo daidai idan hanji ya warke. Wannan duk bai shafi jaririn da yake da alajin furotin madarar shanu ba, wanda madarar da aka cire wa laktos ba ta yi masa amfani.

Ga wanda gwaji ya wanke daga siliyak amma cikinsa bai daina damun sa ba, hanyar ita ce rubuta abin da aka ci da abin da aka ji, a cire abu guda na makonni biyu zuwa huɗu, sannan a mayar da shi kaɗan-kaɗan a gani. Tsarin FODMAP da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta ɓullo da shi, wato rage wasu nau'o'in sukari da hanji ba ya tsotsewa sosai, a kan wannan tafarki yake, kuma na ɗan lokaci ne, a ƙarƙashin kulawar masanin abinci. Gwajin jinin IgG, wani nau'in sinadarin kariya na jiki, da ake tallatawa da sunan gano abincin da jiki ba ya so ba shi da madogara, kuma yakan bar mutum da dogon jerin haramci marar dalili, abin da yake da haɗari ga yaro mai tasowa.

Bibiya

Mai siliyak yana komawa asibiti bayan wata shida da kuma shekara guda don a ga ko tTG yana sauka, daga nan sau ɗaya a shekara, tare da duba sinadarin ƙarfe da folet da bitamin B12 da bitamin D, da ƙarfin ƙashi ga manya idan likita ya ga dacewa. Yara sukan warke da sauri, hanjin babba kuwa yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye. Idan alamun ba su tafi ba, dalilin da ya fi yawa shi ne gulutin yana shiga ta wata kafa da ba a lura da ita ba, don haka a sake bin kicin da kwalaye da magungunan da ake sha ɗaya bayan ɗaya tare da masanin abinci, kuma a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba idan ana ramewa, ko ana ganin jini a bayan gida, ko gudawar ta ƙi tsayawa.