Abin da Ya Kamata a Yi Idan Kaza Ta Haɗiye Maganin Mutane

A yawancin gidajenmu na Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, kaji da mutane tsakar gida ɗaya suke yini. Tsohuwa tana zaune a tabarma da hantsi, ta kwance ledar magungunanta na hawan jini, ƙwaya ɗaya ta suɓuce ta gangara, kafin ta miƙa hannu kaza ta riga ta cafke, domin a idonta farar ƙwaya da tsabar dawa duk ɗaya ne. Abin yana kama da ƙarami, amma ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 an auna ta ne don babban mutum, alhali kazar gida da ƙyar take wuce kilo ɗaya da rabi.

Da zarar an ga haka, a fara da kore sauran kajin a share wurin tas, har ƙarƙashin tabarma da bakin rariya, sannan a kama wadda ta haɗiye a hankali, a kife ta da kwando a inuwa tare da ruwa mai tsabta da ɗan tsaki. Daga nan a ɗauki kwalin maganin ko takardarsa, a ƙirga ƙwayoyin da suka ɓace, a riƙe lokacin da abin ya faru. Waɗannan abubuwa uku, wato sunan magani da yawansa da lokacin, su ne likitan dabbobi zai fara tambaya, kuma da su zai san ko a zuba ido ko a yi gaggawa. Ko ta waya ce a neme shi tun ƙwayar tana cikin jakar abincin da ke gindin wuyan kazar, kafin ta wuce ƙundu ta narke.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ƙoƙarin taimako. Kada a riƙe kaza ta ƙafafu a juye kanta ƙasa ana matsa mata wuya don ta amayar, saboda ruwan da zai taso yakan bi hanyar numfashi ya shaƙe ta nan take. Haka kuma kada a ɗura mata manja ko nono ko ruwan gishiri. Gishiri mai yawa shi kansa guba ne ga kaji. Akwai garin gawayi na asibiti da likita kan bayar don ya tsotse magani a cikin hanji, amma ba gawayin murhu ba ne, kuma shi ne ya san yadda ake bayarwa ba tare da an sarƙe ta ba.

A sa mata ido na kwana biyu zuwa uku. Idan ta takure wuri ɗaya fuka-fukai a sake, ko tana tangaɗi, ko ta buɗe baki tana haki, ko ta ƙi abinci tana zawo, to maganin ya kama ta. Magungunan ciwon jiki da gaɓoɓi sun fi ba ni tsoro, musamman diklofenak, wanda yake lalata ƙodar tsuntsaye. Shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya da suka riƙa cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Idan kuwa kaji da yawa ne suka kwanta lokaci ɗaya, musamman da hunturu, a yi zargin annoba maimakon ƙwaya.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Al'adarmu ce idan kaza ta fara layi a ce da yaro, “Maza kira Baba ya yanka kafin ta zama mushe.” Yanka yana halatta nama, amma ba ya fitar da magani daga cikinsa, kuma ba a dogara da tafasa ko suya wajen kashe shi. Hanta da ƙoda, waɗanda yara ke rububi, nan ne magani ya fi taruwa. Saboda haka kada a ci, kada a kai ta kasuwa a sayar wa wanda bai sani ba. Ƙwai ma haka ne: gwaiduwa tana ɗaukar kusan kwana goma tana haɗuwa a cikin kaza, don haka ƙwan da za ta saka bayan mako guda yana iya ɗauke da saura. Shawarata ita ce a zubar da ƙwanta na aƙalla mako biyu, sai in likita ya ƙara wa'adin. Idan kuwa kloramfenikol ta haɗiye, maganin da ƙasashe da dama suka haramta ba dabbobin da ake ci saboda yana iya lalata ɓargon mutum, to a cire ta daga lissafin tukunya gaba ɗaya. Wannan ya shafi masu fasa kafso ja-da-yalo a ruwan kaji da gangan, domin su ma abin da suka zuba yana komawa cikin ƙwai da nama.

Idan ta mutu, a haƙa rami mai zurfi a binne ta. Jefa ta a bola yana miƙa gubar ne ga karnuka da ungulaye. Magunguna kuma a mayar da su cikin gwangwani mai murfi a saman kabad, tsofaffi su riƙa sha a cikin ɗaki bisa faranti, kuma waɗanda wa'adinsu ya ƙare kada a watsa su a juji inda kaji ke tono.