Yadda Za Ka Nemi Aiki Ka Sake Kafuwa Bayan Ka Dawo Gida Daga Ƙasar Waje

Makon farko duk daɗi ne. Gida cike da 'yan sannu da zuwa, wannan ta aiko da dambu, waccan ta aiko da funkaso da miyar taushe, yara na leƙen akwati ko da sauran tsaraba. Mako na uku sai ƙafa ta ɗauke. Ka wayi gari a ɗakin da ka bari shekara shida da suka wuce, an ɗauke wuta, kana lissafi da yatsu: kuɗin nan da na zo da su, wata nawa za su kai ni? Na yi wannan zaman, na kuma ga abokaina da suka dawo daga Sudan da Saudiyya da Malesiya da Ingila sun yi shi. Abin da zan faɗa na wanda ya dawo Najeriya ne, musamman Kano da kewayenta, don nan na sani. Da "ka" zan riƙa magana, amma har da ke.

Mataki na 1: Tattara takardunka tun kana can

Duk takardar da za ka karɓa da ƙafarka cikin kwana biyu kana can, idan ka dawo sai ta ci maka wata shida kana aika saƙon da ba a amsawa. Don haka kafin ka sayi tikiti, ka tabbata kana riƙe da asalin shaidar kammala karatunka, da takardar sakamakon kowane zango, da takardar da aka ɗauke ka makarantar da ita tun farko. Idan da Larabci ko Faransanci ko Turkanci aka rubuta su, a fassara su zuwa Turanci a buga hatimi. Tsohon fasfonka kuwa, ko ya ƙare aiki, kada ka yar: bizar da tambarin shiga da fita da ke ciki su ne shaidar cewa da gaske ka zauna a ƙasar. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro a watan Afrilun 2023 sun san zafin wannan, don da yawa sun fito daga Khartum daga su sai jakar hannu. Ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a imel ɗinka.

Wanda ya yi aiki ya karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da muƙaminsa da shekarun da ya yi. 'Yan Saudiyya sun san ta da shahadar khibra. Ka kuma karɓi haƙƙinka na ƙarshen aiki kafin a buga maka bizar fita ta dindindin, don in ka bar ƙasar, bin bashin kafili, wato maigidan da ya ɗauke ka aiki, ta waya wahala ce. Kada ka rufe layin wayarka na can sai ka gama kwashe kuɗinka daga banki, saboda ta wannan layin lambar sirri take shigowa. Idan kuma tsabar kuɗin da ke jikinka sun wuce dala 10,000, doka ta ce ka bayyana wa kwastan a filin jirgi.

Mataki na 2: Ka san sunan kuɗin da ka zo da su

A nan yawancinmu muke faɗuwa. Kuɗin da ka dawo da su ba jari ba ne tukuna. Guzurin jira ne, su za su ciyar da kai har ka gane gari. Ware na ci da sha da zirga-zirga na shekara guda cur, ka ware na haya, ka ware wani ɗan kaso na 'yan uwa, sannan ka duba abin da ya rage. Sau da yawa za ka tarar ragowar ba ta kai yadda kake ji a ranka ba.

Farashin da ke kanka ma na da ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin wannan shekarar, komai ya sauya wuri. Kafin ka yanke hukuncin komai, bi wani ƙaninka kasuwa sau biyu ko uku ka ji nawa ake sayar da kwanon shinkafa, nawa ɗan adaidaita yake karɓa daga unguwarku zuwa Bata. Kada kuma ka kwashi dalarka ko riyal ɗinka ka kai Wapa ka canje rana ɗaya. Buɗe asusun kuɗin waje a banki, ka riƙa canzawa gwargwadon buƙatar wata.

Sai maganar 'yan uwa. Za su zo, kuma yawancinsu da gaskiyarsu: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, kayan ɗakin 'yar wance. A wurinsu duk wanda ya sauko daga jirgi mai kuɗi ne. Ba za ka iya hana kowa ba, ba za ka iya ba kowa ba. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne na zauna da Hajiyarmu tun a makon farko na faɗa mata gaskiyar abin da ke hannuna, ba ƙari ba ragi. Daga nan ita ta riƙa tare mini rabin masu zuwa, da kalma ɗaya: "Yaron nan bai fara aiki ba, ku bar shi ya zauna tukuna." Abin da uwa za ta faɗa a ji, kai in ka faɗa sai a ce rowa.

Babbar mota da aza harsashin gini su jira. Ginin da aka fara da guzurin jira, a linta yake tsayawa.

Mataki na 3: Ka zama ɗan ƙasa a takarda

Wannan aikin mako biyu ne in ka dage. Lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ita ce kan gaba, don tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa ta da layin waya. Sai BVN, sai farfaɗo da tsohon asusunka na banki in ya yi barci, sai lasisin tuƙi. In kana da niyyar aikin gwamnati, je ƙaramar hukumarku ka karɓi takardar shaidar asali.

Abu ɗaya ka lura da shi: sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a ko'ina. Ni a fasfo Muhammad ne, a shaidar sakandare Mohammed, a banki kuma da hannuna na taɓa rubuta Muh'd saboda gaggawa. Sai da na yi rantsuwar kotu da sintiri na makonni kafin na daidaita su. Gyara wannan tun babu wanda ke jiran takardarka.

Mataki na 4: A tantance karatunka

Digirin waje ba ya aiki da kansa a Najeriya. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce take tantance shi ta ba da takarda. Sun ƙara tsanantawa tun watan Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan fallasar masu sayar da shaidar karatu, don haka je da komai a cike.

Daga nan sai bautar ƙasa. Wanda ya gama digirin farko bai wuce shekara 30 ba, sai ya yi wa NYSC shekara guda. Wanda ya wuce shekarun a lokacin da ya gama, takardar yafewa zai karɓa. Ko kana da digiri na biyu daga Landan, in babu ɗaya daga cikin takardun nan biyu, aikin gwamnati da na manyan kamfanoni zai yi maka wuya. Na ga masu jin sun fi ƙarfin sa farar riga da gajeren wando a sansani, suka ɓata shekara biyu, daga baya suka je suka yi.

Masu sana'ar da ke da hukuma kuma kowa da ƙofarsa. Likita sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci (MDCN) ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin ya fara aikin sanin makama. Lauya sai ya bi ta Makarantar Horon Lauyoyi, inda waɗanda suka yi karatu a waje ke fara da kashi na ɗaya kafin su haɗu da sauran. Injiniya na da COREN, malamin makaranta na da TRCN, masu haɗa magunguna da ma'aikatan jinya ma kowa da majalisarsa. Ba kullum ake jarrabawar nan ba, don haka nemi ranarta tun kana can, ka daidaita dawowarka da ita.

Mataki na 5: Neman aikin kansa

Ka tura takardar neman aiki ta intanet, ba laifi. Jobberman da LinkedIn suna da amfani, ReliefWeb kuma ga mai neman aikin ƙungiyoyin agaji irin na Maiduguri, ko da yake wannan ɓangaren ya yi sanyi tun da Amurka ta rage tallafinta a 2025. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: a garin nan yawancin aiki ta bakin mutum ake jin sa, kafin a buga talla. Kai kuma ka yi shekaru ba a ganin ka. An yi ɗaurin aure ba ka, an yi ta'aziyya ba ka. Sunanka ya fita daga bakin mutane, ba don ƙiyayya ba.

Saboda haka aikinka na farko shi ne gaisuwa. Rubuta sunan mutum ashirin: malamanka na da, abokan mahaifinka, 'yan ajinku na sakandare da suka zama wani abu, maigidan da ka taɓa yi wa aiki. Bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan turare ko dabino. Zuwan farko gaisuwa ce zalla, kada ka zaro CV daga aljihu. In dattijo ya ce, "To, yanzu me ake ciki?" a nan za ka yi magana, kuma ka faɗi abu takamaimai. "Baba, ina neman aiki ko wane iri" ba ya sa kowa ya tuna da kai. "Baba, na yi shekara huɗu ina kula da injinan sanyaya kaya, ko akwai wanda ka sani a masana'antun Sharaɗa ko Challawa?" wannan zai sa ya ɗauki waya a gabanka. Koma majalisar unguwa bayan sallar isha'i. Shiga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ka riƙa zuwa biki da jana'iza.

CV ɗinka kuma ka sake masa zubi. Shafi biyu ya isa, da lambar waya ta Najeriya. Mai ɗaukar aiki a nan bai san kamfanin da ka yi wa aiki a Jidda ko Kuala Lumpur ba, don haka faɗi girmansa da abin da hannunka ya yi a ciki. Ka sa aƙalla mutum ɗaya na gida cikin masu ba da shaida a kanka.

A wurin ganawa, ka kiyayi kalmar "a can". "A can ba haka muke yi ba" ta hana mutane da yawa aiki. Wanda ke gabanka ya yi shekara goma sha biyar yana tafiyar da ofis da janareta da albashin da ke makara, ba ya son ɗan bana-bakwai ya koya masa. Abin da yake tsoro biyu ne: za ka raina albashin, kuma da ka samu biza za ka gudu. Kashe masa wannan tsoron da bakinka kafin ya tambaya. Albashin kuwa, in ka juya shi zuwa dala ranka zai ɓaci a banza, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024. Auna shi da haya da cefane na nan. Aikin farko ƙofa ce: koyarwa ta wucin gadi a wata jami'a ko kwaleji, ko kwangilar wata shida, ta fi zaman gida, don daga ciki ake jin labarin na gaba.

Duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza ya samo maka gurbi a wata hukumar tarayya, ka yi masa godiya ka tashi. 'Yan dawowa su ne abincin masu wannan sana'ar, don sun san akwai kuɗi a hannu kuma akwai gaggawa.

In sana'arka ta kwamfuta ce, kana iya ci gaba da yi wa 'yan waje aiki daga ɗakinka. Sai dai kafin ka yi wa kowa alkawari, sa sola da batir, ka kuma mallaki layin intanet na kamfani biyu.

Mataki na 6: In kasuwanci za ka yi

Zauna a shagon wani wata uku ba tare da ka sa ko kwabo ba. In atamfa ce, Kantin Kwari. In kayan masarufi ne, Singa. In hatsi da riɗi ne, Dawanau. Ka ga yadda ake ba da bashi, wa yake biya, wa yake ɓacewa, wane wata kasuwa ke mutuwa. Bayan nan ka yi wa sunan kasuwancinka rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC), ka buɗe masa asusu daban da naka, ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka yi niyya.

"Kawo kuɗin a juya maka" kuwa ta raba zumunci fiye da rabon gado. In dole sai ka ba wani, ko wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin kunya ba ne.

Mataki na 7: Jiki da gida da iyali

Jikinka ya manta da sauro. Wanda ya daɗe a inda babu zazzaɓin cizon sauro, kariyarsa tana raguwa, yaran da aka haifa a can kuwa ba su da ita sam. Gidan sauro tun daren farko, kuma da jiki ya yi zafi a je a gwada jini, ban da sayen magani a kemis da ka.

Haya a Kano ta shekara ake biya, ga la'adar dillali. In akwai ɗaki a gidanku, yi haƙuri da shi wata biyu ko uku har ka san inda aikinka zai kasance, kada ka kama gida a Hotoro aiki ya fito a Kabuga. In ka tashi kamawa, tambayi maƙwabta batun ruwa da wuta, ba dillali ba, ka kuma tambaya yadda layin yake da damina.

Yara su ne suka fi jin jiki, kuma ba sa faɗa. Ɗan da ya tashi da Larabci ko Turanci a baki za a yi masa dariyar Hausarsa a Islamiyya. Ka bar shi ya riƙa wuni a gidan kakarsa tare da 'ya'yan 'yan uwa, ka daina fassara masa. Wata rana za ka ji shi ta taga yana cinikin rake da mai baro, yana cewa, "Haba malam, rage mini mana."