Yadda Ake Samar da Man Butanol ta Hanyar Ƙwayoyin Bakteriya

Butanol wani nau'in barasa ne da ake gauraya shi da fetur a zuba a mota, kuma ya fi etanol ƙarfi, ga shi ba ya jawo ruwa cikin tanki kamar yadda etanol ke yi. Dabarar samar da shi da ƙwayoyin bakteriya tsohuwa ce, domin da ita masanin kimiyya Chaim Weizmann ya samar wa Ingila sinadarin asiton na haɗa albarushi a Yaƙin Duniya na Farko, ta hanyar ƙwayar da ake kira Clostridium acetobutylicum.

Da farko sai a tanadi abincin ƙwayoyin. Ana niƙa masara ko rogo a dama da ruwa kamar koko, ko kuma a yi amfani da baƙin ruwan rake da ke saura bayan an fitar da sukari. Daga nan a dafa shi cikin rufaffiyar tukunya a zafin digiri 121, don kada wata ƙwaya ta tsira ta yi kishi da wadda ake so.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi kayar da masu koyo, wato korar iska. Wannan ƙwaya ba ta jure iskar oksijin, saboda haka ake hura iskar naitrojin cikin tankin kafin a toshe shi. Irin ƙwayar kuwa ana ɗumama shi a digiri 80 na kimanin minti 10, wanda ke kashe raunana ya kuma tayar da waɗanda ke kwance, sannan a zuba.

Sai a riƙe zafin tankin a wajen digiri 35 zuwa 37. A ranar farko ruwan zai yi tsami, ya yi kumfa, ya riƙa warin man shanun da ya lalace, kuma cikin iskar da ke fita akwai haidirojin mai kama wuta, don haka ba a kusantar wurin da ashana. A nan ake sa ido ƙwarai, domin idan tsamin ya hau da gaggawa ƙwayoyin sukan tsaya cak, aikin ya lalace. Idan ya tafi daidai, da kansu za su juya tsamin, cikin kwana biyu zuwa uku a samu sinadarai uku, waɗanda cikin kowane kashi 10 nasu, 6 butanol ne, 3 asiton, 1 etanol.

Tacewa ce ke cin kuɗi. Butanol guba ne ga ƙwayar da ta haife shi, da wuya ya wuce giram 20 a lita ɗaya, saboda haka sai an ƙona makamashi mai yawa kafin a raba shi da ruwa. Wannan, tare da arahar sinadaran da ake samu daga ɗanyen mai, shi ya rufe yawancin masana'antun, har da ta Germiston a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1980. Shi ya sa masu bincike a yanzu ke hura iska ta cikin tankin tana kwashe butanol yayin da ƙwayoyin ke aiki, a sanyaya tururin a wani bututu a tara shi.