Yadda Ake Rage Girman Faifan Kwamfutar Kwaikwayo

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfutar kwaikwayo, wato wadda ake kunnawa a cikin wata kwamfutar ta hanyar VirtualBox, VMware, Hyper-V ko QEMU, ya san cewa faifanta fayil ne da ke zaune a kan kwamfutar asali, kuma yana ƙara girma kullum amma ba ya raguwa da kansa. A ce ya kai gigabait 50, ka shiga ciki ka goge gigabait 20, idan ka fito za ka tarar yana nan a 50 ɗinsa. Dalilin shi ne, gogewa tana cire sunan fayil ne kawai daga rajistar tsarin fayiloli, tsofaffin bayanan kuwa suna nan kwance a gurbinsu, kuma manhajar da ke waje ba ta iya bambance su da masu amfani. Gurbin da aka cika da sifili kaɗai take iya ganewa ta yar.

Kafin komai, a kashe kwamfutar kwaikwayon gaba ɗaya, a kwafe fayil ɗin faifan a ajiye wani wuri. Ba na son kowa ya tsallake wannan, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar matsewa, faifan na iya lalacewa. Idan akwai tsofaffin hotunan yanayin na'urar da aka adana don komawa baya, a share su tukuna su haɗe da babban faifan. A kuma tabbatar faifan irin mai girma sannu a hankali ne, don wanda aka yanka masa girmansa tun farko ba ya matsuwa ta wannan hanya.

Daga nan sai a kunna kwamfutar kwaikwayon a yi shara. A Windows, cleanmgr yana kwashe ragowar sabuntawa, umarnin powercfg /h off kuma yana cire hiberfil.sys, fayil ɗin da Windows ke adana yanayin aikinta a ciki idan ta shiga dogon barci, wanda kan ci gigabait da dama. A Debian ko Ubuntu, apt clean da journalctl --vacuum-size=100M sun isa farawa.

Yanzu aka zo ga jigon aikin, wato rubuta sifili a duk gurbin da ba kowa. Mai Windows zai sauke SDelete daga kayan Sysinternals na Microsoft, ya rubuta sdelete -z c: ya jira. Mai Linux yana da hanya biyu. Ta farko ita ce dd if=/dev/zero of=/sifili bs=1M, wanda zai yi ta rubutu har ya sanar cewa faifai ya cika, sai a goge fayil ɗin da rm /sifili. Wannan hanya tana iya kumbura faifan har iyakarsa kafin ya rame, saboda haka dole kwamfutar asali ta kasance da wadataccen fili. Na fi son ta biyun, wato manhajar zerofree, domin gurbin da ba sifili ba kawai yake taɓawa, sai dai yana aiki ne da tsarin fayiloli na ext2, ext3 da ext4, kuma sai an ɗora ɓangaren faifan a yanayin karatu zalla. Idan faifan a rufe yake da BitLocker ko LUKS, masu rikiɗa bayanai don sirri, sifilin zai fita waje a rikiɗe, matsewar kuma ba za ta haifar da komai ba.

A sake kashe kwamfutar kwaikwayon, a koma kwamfutar asali. A VirtualBox, umarnin shi ne VBoxManage modifymedium disk faifai.vdi --compact. A Hyper-V, ana buɗe PowerShell da ikon shugaba a rubuta Optimize-VHD -Path faifai.vhdx -Mode Full. A VMware akwai vmware-vdiskmanager -k faifai.vmdk. A QEMU kuwa sabon fayil ake samarwa da qemu-img convert -O qcow2 -c tsoho.qcow2 sabo.qcow2, inda -c ke ƙara danne bayanan, ko da yake hakan na ɗan rage saurin karatu.

Kada a goge kwafin ajiya sai an kunna kwamfutar da faifan da aka matse an ga ta tashi lafiya. Umarnin qemu-img info yana nuna lamba biyu, girman da na'urar ke gani da ainihin filin da fayil ɗin ya ci, ta biyun ce ake so ta sauka. Mai QEMU da ya saita discard=unmap a kan faifan zai iya rubuta fstrim -av daga ciki lokaci-lokaci, filin ya riƙa komawa ba sai an kashe komai ba.