Girka manhaja a Ubuntu ba tare da ɓarnar data ba

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ɗaliban Samaru da Kongo na jami'ar ABU Zariya da suka koma Ubuntu, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Idan kun sauko da fayil mai ƙarewa da .deb, irin na Chrome, kada ku yi saurin buga umarnin girkawa na dpkg -i a Terminal, wato tagar rubuta umarni. Shi dpkg ba ya nemo sauran ƙananan manhajojin da take dogara da su, sai aikin ya tsaya cak. Ku shiga inda fayil ɗin yake, ku rubuta sudo apt install ./sunan-fayil.deb. Ɗigon nan da karan (./) da ke kafin sunan fayil ɗin dole ne. In babu su, apt zai je neman sunan a rumbunsa na intanet, ya ce bai gani ba.

Abin da ya fi burge ni: in da apt-get kuka girka, wato kuka rubuta apt-get a maimakon apt, fayilolin da ya sauko da su suna nan ajiye a /var/cache/apt/archives. Ku kwashe a filashi ku ba abokin ɗaki, muddin Ubuntunku iri ɗaya ne, misali 24.04. Da tsadar datar nan, wallahi bai dace mutum biyu su sauko da abu guda ba.

In kuma an ɗauke wuta, batir ya mutu ana tsakiyar girkawa, ku fara da sudo dpkg --configure -a kafin komai.