Darasi na 6: Gado da Girman Ɗan Rago Kafin Yaye

Tunkiya tana ɗaukar ciki kusan wata biyar, wato kwana 147 ko kusa da haka. Ɗan da ta haifa yana zuwa da ƙwayoyin gado 54 a kowace ƙwayar halittar jikinsa: 27 daga uwa, 27 daga ragon da ya yi barbara. Girman ƙashi, saurin yin nama da tsawon ƙafa duk suna da tushe a wannan gado. Shi ya sa masu kiwo a Afirka ta Kudu, a shekarun 1930, suka haɗa irin Dorset Horn da Blackhead Persian suka samar da Dorper, tumakin da 'ya'yansu ke saurin girma ko a busasshiyar ƙasa.

Sai dai rabon uwa ya fi na uba a watannin farko. Ban da ƙwayoyin gadon da ta bayar, a mahaifarta ɗan ya yi girma, dakashinta ya fara sha, nononta kuma shi ne abincinsa har ya iya cin ciyawa. Yawan nono shi ma gado ne, 'ya mace takan ɗauko shi daga iyayenta. Don haka idan za ku ajiye 'yan tumaki mata domin haihuwa, ku fara duban uwayensu.

A nan ne ido ke yaudarar mai kiwo. Ga 'yan raguna biyu ranar yaye, ɗaya ƙato, ɗaya ɗan tsurut. Ƙaton tilo ne, shi kaɗai yake shan nonon babbar tunkiya. Ƙaramin ɗan tagwaye ne, uwarsa kuma wannan ce haihuwarta ta fari. Wanda ya zaɓi ƙaton don barbara yana iya zama nono ya zaɓa, alhali nonon da rago ya sha ba ya bin jini zuwa 'ya'yansa. Binciken masana ya nuna cewa a bambancin nauyin haihuwa da na yaye, kason gado bai kai rabi ba. Saura abinci ne, da lafiya, da kulawa. Ku gwada tilo da tilo, tagwaye da tagwaye, namiji da namiji, kuma sa'annin juna.

Kada a bi girman haihuwa kaɗai, domin ɗan da ya yi girma da yawa yakan wahalar da ƙaramar tunkiya wajen naƙuda. Kada kuma rago ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa, hakan na kawo raunanan 'ya'ya marasa saurin girma.

Aikin wannan mako: ku nemi ƙaramin littafi da sikelin rataye. Kowane ɗan rago ku rubuta ranar haihuwarsa, uwarsa, ubansa, tilo ne ko tagwaye, da nauyinsa a kilo. Ku sake auna shi idan ya cika kwana 90, ku cire nauyin farko daga na biyu, ku kawo lissafin aji.